Kurakuran masu sayen tsohuwar mota mai ciwon inji a Maraɗi

Na gaji da ganin samari suna tara guminsu su miƙa wa dillali, wata bai zagayo ba mota na kwance a gareji an ɗaga mata baki. Motocin da muke saye a nan Maraɗi tsofaffi ne. Toyota ta daina ƙera Carina E tun 1997, Starlet ta da kuwa 1999, Peugeot 406 ta tsaya a Turai a 2004. Sayen mai buƙatar gyaran inji ba aibu ba ne, matuƙar ka san girman ciwon kafin kuɗi su bar aljihunka.

Babban kuskure shi ne zuwa duba mota da rana tsaka, bayan an riga an tayar da ita ta ɗumama. Inji mai ɗumi yana ɓoye kusan komai. Wannan ya ci mini kuɗi sosai, kuma har yau raina na ɓaci in na tuna. Wata Carina aka nuna mini bayan la'asar, tana aiki lumui, mai ita ya ce, "Ɗan gyara ne kawai, Alhaji, ruwa take ɗan sha." Na biya. A hanyar Madarumfa, cikin zafin Afrilu, allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe gaban gilashi. Da aka kwance, ashe ta taɓa tafasa tun a hannunsa, gaskit ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, domin alminiyam ne, ba ya jure irin wannan wuta. Abin da gyaran ya lashe ya kusa rabin kuɗin motar.

Tun daga nan ba na duba mota sai bayan sallar asuba. Ina ɗora tafin hannu a kan injin, in na ji ɗumi na juya gida, mu haɗu gobe. In sanyi ƙalau yake, sai in buɗe murfin baƙin mai in leƙa cikinsa. Wani kumfa fari-fari mai kauri alama ce ruwa na iya haɗuwa da mai. In buɗe bakin lagireto, a tayar, in zuba ido: ruwa na ɓulɓulo da kumfa ba tsayawa, iskar inji ce ke kutsowa. Sannan in koma bayan mota. Hayaƙi shuɗi, mai take ƙonawa, ringi ko wani abu a kan injin ya gaji. Fari mai yawa da ba ya yankewa bayan ta ɗumama, ruwa ne. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, shi ya fi sauƙin magani. Wanda ya hana ka wannan dubawa, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Kuma don Allah, ƙanena, ka daina yarda da makaniken da dillali ya kawo maka. La'adarsa na cikin cinikin. Tafi da naka, ka biya shi kuɗin ƙafarsa ko an saya ko ba a saya ba.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni haushi, bayan saye yake zuwa. Mota ta ɗan yi zafi, sai a ce a cire tamostat, ɗan abin nan da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗumama, wai na ƙasar Turawa ne masu sanyi. Wa ya faɗa muku? Cire shi ba ya warkar da lagireton da ya toshe, ba ya gyara fankar da ta mutu, ciwon kawai yake rufewa, injin kuma ya daɗe bai kai ɗumin aikinsa ba, ya riƙa shan fetur yana cin jikinsa. Sai a ƙara da ɗura ruwan rijiya ko na famfo, tsatsa da ƙasa su cika hanyoyin ruwa. Ni dai nakan wanke lagireto, in sa sabon tamostat, in zuba ruwan sanyaya inji na galan, ko da kuwa makanike na gunaguni.

Sauran a taƙaice. Kada ka ƙarar da kuɗinka duka wurin saye, ni kashi ɗaya cikin uku nake ajiyewa don gyara. Kilomitan da ke rubuce a allo ana mayar da shi baya, dubi lalacewar sitiyari da feda. Bel ɗin taimin a canza shi ran da mota ta shigo gida, musamman 406, domin in ya tsinke yana lanƙwasa bawul. In za ka ɗauko inji sukutum daga Ƙofar Ruwa a Kano, makanikenka ya bi ka, ka karɓi rasit, ka biyo da shi ta duwan ɗin Ɗan Isa a fili. Lambar shasi kuma ka karanta ta da idonka a jikin ƙarfe, harafi bayan harafi, ka gwada da ta kartigiris, wato takardar mota, kafin ka ƙirga ko dala ɗaya.