Kafin ka buga ƙusa a bangon gidan haya a Ingila

Satin farko da na tare a ɗakin haya a garin Leeds abin da ya fi damuna ba sanyi ba ne, bango ne. Fari fat, ko ɗigo babu, kai ka ce ɗakin jinya aka kwantar da ni. Ga shi na zo da kaya cike da jaka, allon zayyana na sauka, faifai guda uku da Inna ta cusa min a gefen akwati, da firam ɗin Ayatul Kursiyyu da aka ba mu a biki. Na nemo guduma na sayo ƙusa irin ta siminti yadda muka saba, bugu ɗaya na yi ƙusar ta shige gaba ɗaya har da kan guduma, na tsaya ina kallon rami kamar bakin kofi. Ashe bangon ba bulo ba ne, wani allon filasta ne da aka lulluɓe da takarda aka shafa fenti, bayansa kuma iska ce kawai. Ranar da zan tashi daga gidan sai da ejan ya nuna min ramin a hoto, duk da na toshe shi, aka kuma cire min kuɗin gyara.

To ɗan uwa, ko 'yar uwa da kika biyo maigida, kafin a taɓa bango a fara da takardar haya. Na san tsawo gare ta kuma turancin lauyoyi ne, amma a nemi wurin da aka yi maganar gyara da ƙawata gida, yawanci za a ga an ce ba a huda bango ko liƙa wani abu sai da izinin mai gida a rubuce. Wannan "a rubuce" ɗin shi ne maganar. Idan lanlod ya ce maka a baki ba komai rataye abinka, yi masa godiya ka koma ka tura masa imel ko saƙon waya ka ce kamar yadda muka yi magana zan saka ƙusa huɗu a falo, ya amsa ka adana. Mutum ne, yana mantuwa, kuma sau da yawa ba shi zai zo duba gidan ranar tashi ba, wani yaron ofis za a turo da takarda a hannu wanda bai san da zancen ba.

Dalilin duk wannan shi ne kuɗin dipozit, wato kuɗin ajiyar da kake bayarwa lokacin shiga gida, wanda daga ciki ake cire kuɗin gyara. A Ingila tun 2019 doka ta ce kada ya wuce kuɗin hayar sati 5 idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma wajibi ne mai gida ya saka shi a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, wato DPS, TDS da mydeposits. In rigima ta taso kan abin da za a cire, su ne ke raba gardama kyauta, kuma da hujja suke aiki, ba da rantsuwa ba. Shi ya sa ranar da ka karɓi makulli, tun kafin ka shigo da katifa, ka bi bango bango da waya kana ɗaukar hoto, duk tsohon rami, duk tabo, duk inda fenti ya ɗaye, ka kwatanta da takardar lissafin kayan gida da za su ba ka, abin da ba su rubuta ba ka tura musu. Tsufan fenti da ɗan gogewar yau da gobe ba a cire wa mutum kuɗi a kansu, amma ramin da ka yi da hannunka naka ne.

Sai sanin bangon kansa. Ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, in ka ji ƙarar ganga to allon filasta ne, in ka ji ƙyam to bulo ne a ciki. Allon nan a jikin katakai yake da aka jera a tsaye, tazarar santimita 40 ko 60 tsakaninsu, duk abu mai nauyi kamar madubi ko babban agogon nan mai kiran sallah sai dai ka nemo katakon ka ɗaura sukuru a ciki, ko ka sayi fulogi, wato ɗan abin da ake cusawa a rami don sukuru ya kama, na musamman da ake yi don irin wannan bango, akwai su a shagunan B&Q da Screwfix ba tsada. Bangon bulo kuma sai dirila da fulogin roba.

Inda nake so a nutsu shi ne maganar wayar wuta. A gida mun saba ganin waya a waje ko cikin farin fayif, a nan a cikin bango take, kuma tana da hanyarta: miƙe take tafiya sama ko ƙasa ko gefe daga kowane soket da makunnin fitila, sannan tana iya bi ta cikin santimita 15 daga silin da kuma daga kusurwar ɗaki. Saboda haka kar ka huda daidai saman soket komai kyan wurin. Haka kusa da hita mai ruwa, akwai bututu. Akwai wata 'yar na'ura mai batir da ake gogawa a bango tana ƙara in ta ji ƙarfe ko waya, in ba ka saya ba ka tambaya a guruf ɗin 'yan gida, ba a rasa mai ita. Ƙofar ɗaki mai nauyin nan da ke rufe kanta kuma kar a huda ta, don tare gobara aka yi ta, haka na'urar hayaƙi da ke silin kar a yafa mata kyalle da sunan kwalliya.

In lanlod ya ƙi fa? Ba a rasa hanya. Da farko ɗaga kai ka duba, tsofaffin gidajen zamanin Sarauniya Victoria da yawa suna da wani siririn katako da ya zagaye ɗaki ƙasa da silin kaɗan, mutane na ɗauka ado ne, alhali don rataye hoto aka yi shi, ƙugiya kawai za ka saya ka maƙala ka saukar da igiya, ba rami ba tabo. In babu, sai sitikar Command ta kamfanin 3M, manyan ciki in ka haɗa huɗu suna ɗaukar kusan kilo 7. Amma fa tana da sharaɗi, sai ka goge bangon ya bushe, ba a saka ta a kan takardar bango, ba a saka ta a sabon fentin da bai yi sati ba, kuma wajen cirewa ƙasa ake jan wutsiyar a hankali tana miƙewa, in ka fizgo ta wajenka da fenti za ta taho. Ni dai ba na yarda na rataya abu mai gilashi da ita a saman gadon yara. Shuɗin ƙullin nan Blu Tack da ɗalibai ke liƙa kalanda da shi kuwa tabon maiƙo yake bari, takardun haya da yawa sunansa ma suke kamawa su hana. Akwai kuma mafi sauƙi, jingina firam a kan kanta ko saman murhun falo, allon zayyana ma ya fi kyau a jingine in ka tambaye ni.

Tsayi fa, mu Hausawa muna son kai hoto can kusa da silin kamar muna gudun kar yara su taɓa, sai baƙo ya ɗaga wuya. A ɗakunan nan ƙanana gara tsakiyar hoton ya zama wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai ido. Faifai da ƙwarya kuma kar a watsa su ɗaya nan ɗaya can, a tara su wuri guda kamar jeren ɗakin amarya, a fara gwadawa a ƙasa kan kafet har tsarin ya kwanta a rai sannan a kai bango.

Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne danshi. Kayanmu na busasshiyar ƙasa ne, fatar Kano da ta shekara goma a Fagge ba abin da ya same ta, hunturu ɗaya a jikin bangon da ke fuskantar waje sai ka juya ta ka ga bayanta ya yi fumfuna baƙi ƙirin, har bangon. Numfashinmu, girki, da wankin da ake shanyawa a ɗaki duk raɓa suke zama a bango mai sanyi. Kayan fata, tabarma da zanen rini a kai su bangon cikin gida, a bar ɗan fili a bayansu iska ta shiga, kar a ɗora su saman hita don ƙwarya tsagewa take, kar kuma rana ta riƙa dukan rinin Ƙofar Mata ta taga, koɗewa zai yi. In ka ga fumfunar tana dawowa bayan ka goge, sanar da mai gida a rubuce tun da wuri.

Masu shirin tahowa kuma a kula da tsaraba. Fatar mesa ko ta kada da duk abin da ke da hauren giwa suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, in ba takarda kwastan na iya ƙwacewa a filin jirgi, takobin ado ma a bar shi a gida ya fi kwanciyar hankali. Firam mai gilashi ba sai ka sha wahalar ɗaukowa ba, cire takardar ka naɗe ta, firam na nan birjik a IKEA da shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji a kan fam biyu uku.

Zancen hoton mutane a bango malamai sun yi saɓani, kowa ya bi abin da ya gamsu da shi, amma ko masu ratayewa suna kauce wa bangon alƙibla, wanda a Ingila kudu maso gabas yake, ba gabas ɗin da muka saba ba, sai a duba da manhajar waya kafin a zaɓi bango. Ayoyi kuma kowa ya san ba a kai su kusa da banɗaki, kuma gidajen nan sai ka ga ƙofar banɗaki na kallon falo.

Wanda ya sauka Jamus nasa da ɗan bambanci, can ɗan haya na iya huda bango daidai misali ya toshe in zai tashi, dipozit kuma yana kaiwa hayar wata uku, sai dai ranar Lahadi kar ka kuskura ka kunna dirila, maƙwabci zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. A Ingila in lokacin tashi ya yi, ƙaramin bututun Polyfilla, wato ƙullin toshe ramin bango, ya isa, ka cusa a ramin da yatsa, ya bushe ka goge da sanfefa, sannan ka tambayi ejan ainihin sunan fentin kafin ka shafa, don farin nasu kala kala ne, ni na shafa wani fari a kan wani fari sai da ya fi ramin fitowa.