Yadda Ake Shirya Motar Tsere Kafin A Kai Ta Fili

Mutumin da ya shiga tseren mota don sha'awa yakan fara da tunanin ƙara wa inji ƙarfi, alhali abin da ya fi mayar da masu irin wannan tsere gida da wuri shi ne birkin da ya yi zafi, ko notin da ya kwance, ko tiyon lagireto da ya fashe. Minti ashirin na gudu a filin tsere yana gasa mota fiye da tafiyar makonni a kan titi, saboda haka aikin shiri kusan dukansa na yaƙi da zafi ne da girgiza, kuma a gareji ake gama shi kwanaki kafin ranar fita.

Ka fara da birki, domin a nan ne kuskure ba ya ba da damar gyara. Man birki yana tsotsar danshi daga iska a hankali, kuma duk yadda danshin ya ƙaru, haka zafin da yake iya ɗauka kafin ya tafasa yake raguwa. Ƙa'idar ingancin man birki mai suna DOT 4 ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma wanda ya sha danshi an yarda ya sauko har 155. Idan man ya tafasa, kumfa ce take cika bututun, sai direba ya taka birki a ƙarshen miƙaƙƙen layi ya ji fedar ta yi laushi ta tafi har ƙasa. Don haka ka zubar da tsohon man gaba ɗaya, ka zuba sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, wanda aka yi domin tsere, irin wanda yake wuce digiri 300 kafin ya tafasa. Kada ka yarda man birki mai lamba DOT 5 ya shiga, domin da silikon aka yi shi, ba ya haɗuwa da DOT 3 ko 4 ko 5.1, duk da kamannin lambobin.

Wajen fitar da iska, a yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da tukunyar man birki, a ƙare da mafi kusa, sai dai idan littafin motar ya nuna wani tsari. Mutum ɗaya yana taka feda ya riƙe, ɗayan yana buɗe ɗan notin da ke jikin birkin, da siririn tiyo mai haske a bakinsa, yana kallon man yana fita. Da fari zai fito da duhu da ƴan ƙananan kumfa, daga baya ya washe. Sai an rufe notin sannan mai taka fedar zai ɗaga ƙafarsa, in ba haka ba iskar da aka kora za ta koma ciki. A riƙa leƙa tukunyar, kada man ya ƙare a cikinta.

Takalman birki na titi ba sa jure wannan zafi. Ka sa waɗanda aka yi domin fili, kada kuma ka fita da waɗanda suka cinye fiye da rabi, domin siririn takalmi yana saurin miƙa zafi zuwa ga mai. Sababbi suna buƙatar a zaunar da su: a yi ta taka birki daga matsakaicin gudu sau da yawa ba tare da tsayawa cak ba, sannan a bar su su huce ana tafiya. Ka duba faifan birkin da fitila. Ƴan ƙananan tsage-tsagen zafi a fuskarsa abu ne da aka saba gani, amma tsagewar da ta kai baki ko wadda farce yake maƙalewa a cikinta tana nufin faifan ya gama aiki.

Daga nan sai a ɗaga motar a kan ƙafafun ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai. Ka kama kowace taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan ka ji wasa, boris ne ko mahaɗin ƙafa. Ka kama ta hagu da dama ka sake girgizawa, wannan yana tona lalacewar sandar sitiyari. Sannan ka bi notunan ƙafafu da na birki da na mazaunin inji ɗaya bayan ɗaya da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, gwargwadon adadin da kamfanin motar ya rubuta. Duk notin da ka gama da shi, ka ja masa layin fenti daga kansa zuwa jikin ƙarfen da yake zaune a kai. A fili, kallo ɗaya zai nuna maka wanda ya motsa, kuma a ganina babu wata dabara mai sauƙi da ta kai wannan amfani.

Taya tana da shekaru ko da zanenta bai cinye ba. A gefenta akwai lambobi huɗu na ƙarshen jerin da ya fara da haruffan DOT, masu nuna lokacin da aka yi ta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Iskar da ke ciki tana ƙaruwa idan taya ta ɗauki zafi, saboda haka awon da ya fi muhimmanci shi ne wanda aka yi da zarar motar ta shigo daga fili. A rage ko a ƙara har a kai adadin da mai ƙera tayar ya ba da shawara, a rubuta shi tare da yanayin ranar. Notunan taya kuwa, sai sun huce ake sake auna ɗaurinsu.

Inji ba ya buƙatar dogon bayani idan lafiyarsa ƙalau: sabon baƙin mai da filta, a cika shi daidai layin sama na sandar awo, domin a doguwar kwana man yana taruwa gefe guda har famfo ya shaƙi iska. Ka matsa kowane tiyon lagireto da hannu, ka canja wanda ya kumbura ko ya bushe. Ƙungiyoyin tsere da yawa sun hana ruwan sanyaya inji mai gilaikol saboda yana da santsi ƙwarai idan ya zube a kan kwalta, don haka ka karanta dokokin masu shirya tseren tun da wuri.

Kayan kariya suna da ranar ƙarewa, kuma masu duba motoci kafin tsere suna karanta ta. Bel mai shaidar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, yana aiki shekara biyar bayan shekarar da aka yi shi, mai shaidar SFI 16.1, ƙa'idar wata cibiyar kayan kariyar tsere ta Amurka, kuwa shekara biyu. Hular kwano ta zama ta tseren mota, irin mai shaidar SA ta cibiyar gwajin huluna ta Snell, domin ita aka gwada da wuta, saɓanin ta babur. A ɗaure batir da ƙarfe, a rufe kansa mai alamar tarawa, a kafe tukunyar kashe gobara inda hannun direba zai kai yana ɗaure da bel. A kwashe duk abin da ba a kafe yake ba, har da shimfiɗar ƙafa, domin kwalbar ruwa guda tana iya gangarowa ta shige ƙarƙashin fedar birki.

Duk lokacin da za a fito daga fili, a yi zagayen ƙarshe a hankali domin birki da inji su sha iska. Bayan an tsaya kada a ja hambirki, saboda takalmi mai zafi yana iya mannewa a kan faifai. A bar motar a giya ko a tokare taya. Kafin a sake fita, a leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigo, a duba layukan fentin nan, a auna mai, a shigar da duk abin da aka gani a littafin ajiye bayanan motar, domin da shi za a san ranar da boris ko faifan birki ya isa canji.