Yadda ake fatsa da ril mai naɗe zare da kansa a cikin kwale-kwale

Irin ril ɗin nan (abin naɗe zaren fatsa da ake ɗaurawa a jikin sanda) na kamfanin Martin da masunta ke amfani da shi a Amurka, sifirin ne a cikinsa, duk zaren da ka ja yana ƙara ɗaure shi, in ka danna liba da ɗan ƙaramin yatsa sai ya naɗe. A kwale-kwale gaskiya yana da daɗi, don zare ba zai taru a ƙafarka ya sarƙe da filafili ba. Amma dai danna kaɗan-kaɗan, kana riƙe da zaren da ɗayan hannun, in ba haka ba ƙugiya za ta doki bakin sanda da ƙarfi har ta lalata shi. Kifi kuma da hannu ake janyo shi, shi ril ɗin, zaren da ya yi sako-sako kawai yake kwashewa. In ka tashi, saki sifirin ɗin kafin ka ajiye.