Yadda za ka zaɓi sabulun wanke mota da ba ya cin fenti

An sha tambayata wane sabulu ya dace da jikin mota. Ga yadda nake yi:

1. Ka nemi sabulun ruwa wanda aka yi don mota kawai.
2. Ka duba jikin robar, ka ɗauki mai pH 7 ko kusa da haka (pH ma'aunin kaifin sinadari ne, 7 shi ne tsaka-tsaki).

Hattara, nan aka fi yin kuskure: kada ka yi amfani da omo ko sabulun wanke kwanuka. Suna cire kakin da ke kare fenti, a hankali launi ya dusashe. Ina jin takaici in na ga sabuwar mota ta koɗe saboda wannan.

3. In ka tashi wanki, ka ajiye motar a inuwa har jikinta ya huce.
4. Ka watsa mata ruwa zalla. Ƙurar hunturu tana karce fenti in aka goga ta a bushe.
5. Ka haɗa sabulun daidai awon da aka rubuta.
6. Ka gwada shi a ƙasan ƙofa tukuna.
7. Ka wanke da soso mai laushi, daga sama zuwa ƙasa.
8. Ka ɗauraye kafin kumfa ya bushe.
9. Ka tsane ruwan da tsumma mai tsabta.