Yadda Za A Ciyar Da Yaron Da Ke Gudawa Bayan Yaye

Idan yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku ya kamu da gudawa ya ƙi abinci, uwa takan ce haƙori ne, ta rage masa ci domin cikin ya huta, alhali yunwar ce take ƙara kayar da shi.

A fara da ruwan ORS, wato haɗin gishiri da sukari na ƙunshi da ke mayar da ruwan da jiki ya rasa. A jiƙa ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi da cokali bayan kowace gudawa, a zubar da ragowar bayan awa 24. Idan ya yi amai, a dakata minti 10, sannan a ci gaba sannu a hankali. A haɗa masa da ƙwayar zinc, maganin da ke taimakawa wajen rage gudawa, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14.

Kunu tsululu cika ciki kawai yake yi, saboda haka a dama na gero mai kauri da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, tare da ayaba ko dafaffen ƙwai. Ɗura kuwa a guje mata, domin kunu na iya sarƙe shi ya shiga huhu.

Da zarar an ga jini a kashinsa, ko idanunsa sun faɗa, ko ya kasa shan komai, a garzaya asibiti.