Yadda ake neman burbushin halittun teku a duwatsun Gombe

Kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce, ruwan teku ne kwance a inda Bajoga, Ashaka da Pindiga suke a yau. Wani reshen teku ne marar zurfi da ya ratso ta Sahara, ya haɗa tekun arewacin Afirka da na gaɓar Gini. Halittun da suka mutu a cikinsa laka ta binne su, lakar ta daskare ta zama dutse, kuma daga cikin wannan dutsen ne ake yin simintin Ashaka. Shi ya sa ake tsintar kawa, bushiyar teku, haƙoran kifi da amonayit a ƙasar da ba ta da ko gaɓar teku. Amonayit wata halitta ce mai naɗaɗɗen kwanso da ta ƙare a duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma na ramin haƙar Ashaka sun shahara a wajen masana duwatsu na duniya, har akwai nau'in da aka raɗa wa suna Gombeoceras.

A wasu ƙasashe wuraren haƙar fosfet, wato ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, su ne matattarar masu wannan nema. Na Khouribga a Maroko su ne kan gaba, daga can da yawa daga cikin haƙoran kifin shak da ake sayarwa a intanet suke fitowa. A Najeriya, fosfet mai ɗauke da ƙasusuwan kada da kunkuru da haƙoran kifi yana ƙasar Sakkwato, wajen Dange da Shuni da Wurno, a shimfiɗar da ta kai shekara miliyan 60 ko kusa da haka. Gombe ba ta da babban wurin haƙar fosfet. Abin da take da shi dutsen siminti ne da baƙar laka mai ɓarewa falle-falle. Amma haƙori da ƙashi, a ko'ina aka same su, fosfet ne a jikinsu, kwanso kuwa sinadarin alli ne, kuma wannan bambancin shi ke yanke yadda za ka tsabtace abin da ka tsinto.

Fara da sanin dutsen

Yawancin masu dawowa hannu rabbana dutsen da bai dace ba suka je wa. Manyan duwatsun da suka kewaye garin Bauchi, da na Kaltungo, da dutsen Tangale, duk daga narkakken dutse suka samu, babu halittar da za ta saura a cikinsu komai daɗewar da ka yi kana fasawa. Jan yashi da marmarar da ke wajen Alkaleri, Darazo da Dukku a tudu suka kwanta, abin da ake samu a ciki kaɗan ne ƙwarai. Dutsen Bima na wajen Dadin Kowa yashin koguna ne, akan dace da icen da ya zama dutse, amma kada ka sa ran kawa. Wurin da ya cancanci wahalarka shi ne shimfiɗar da masana ke kira ta Pindiga: laka mai launin toka ko baƙi, da siraran layukan dutse mai tauri, fari ko ruwan ƙasa, a tsakaninta. Za ka gan ta a bangon kwazazzabai da rafuka a ƙaramar hukumar Akko, da yankin Funakaye da Nafada inda ake tonon jifsum, ma'adinin da ake yin POP da shi.

Gwajin dutsen ba shi da wuya. Kankare shi da wuƙa har ya yi gari, ka ɗiga ruwan khal. Idan ya yi kumfa yana tsiii, dutsen siminti ne, ka tsaya ka duba da kyau. Idan shiru, yashi ne ko wani abu daban.

Izini kafin guduma

Ramin haƙa na kamfani ba a shigarsa ta bayan gida. Ana fasa dutse da nakiya, manyan motoci na kai da kawowa, direbansu kuma ba ya hango mutumin da ya tsuguna. Sai da takardar neman izini, kuma an fi saurin amsa wa wanda ya zo ta hannun sashen nazarin duwatsu na jami'a, kamar na Jami'ar Jihar Gombe ko na ATBU a Bauchi. In an bar ka ka shiga, hular kwano da takalmi mai tauri dole ne, ka tsaya inda aka nuna maka. Kada ka matsa kusa da bangon ramin fiye da tsayinsa: bango mai mita 10, ka ba shi mita 10. Tarin ɓaraguzan da aka ture gefe ya ma fi bangon amfani, don an riga an fasa maka.

A ƙauye kuma, ka fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci. "Ranka ya daɗe, duwatsu masu siffar dodon koɗi muke nema don karatu, ba zinariya ba." Ka nuna hoto a waya, ka nemi a haɗa ka da yaro ko manomin da ya san rafin, ka sallame shi da abin kirki. Baƙo da guduma da buhu a bayan gari a wannan zamani, in bai gabatar da kansa ba, zargi zai jawo wa kansa. Makiyaya da masu tonon jifsum sukan san ainihin inda "dutsen katantanwa" yake zube. Ka kuma sani cewa dokar ma'adinai ta 2007 ta damƙa abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, saboda haka tsintar 'yan samfura don karatu daban, lodi a mota ko fitarwa waje daban.

Lokaci da kaya

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ya fi. Damina ta gama wanke bangon kwazazzabai ta fito da sabbin abubuwa, ƙasa ta tsane, ƙurar hunturu ba ta rufe su ba tukuna. Cikin damina kada ka shiga kwazazzabo: ruwan da aka yi a wani gari yana iya iso ka alhali sama tana garau a inda kake. Ka fita daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, lokacin da rana ke bugowa a karkace, inuwa tana fito da zanen kwanso. Da tsakar rana komai fari fat yake zama.

Guduma mai nauyin rabin kilo zuwa kilo 1 ta isa, da cizal na magina guda 2, mai faɗin baki da mai tsini. Gudumar kafinta mai cire ƙusa ba ta dace ba, ƙarfenta yana ɓantarewa idan ya haɗu da dutse, shi ya sa tabarau na kariya ba kwalliya ba ne. Sai tsohon buroshin haƙori, tsofaffin jaridu, ledoji masu zif, fensir da ɗan littafi, sanda, da ruwan sha lita 3 ga kowane mutum. Rariya 2: mai ido milimita 5, da mai ido kamar milimita 1, wadda ragar taga da aka ɗaura a katako take yi.

Sandar don kububuwa ce. Ƙasar Gombe ta yi suna da ita, launinta kuma ya saje da tsakuwa. Kada ka cusa hannu ƙarƙashin dutse. Ka juya shi da sanda, ɓangaren da zai buɗe yana kallon nesa da kai. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba ɗauri, ba tsotsa: a hana ƙafar motsi a nufi asibitin da ke da maganin dafi, irin na Kaltungo.

Yadda ake duba wuri

Ka fara daga gindin kwazazzabo, kana tafiya a hankali kana sunkuye. Da ka tsinci gutsuren kawa ko amonayit, kada ka tsaya tono a nan, gangarowa ya yi. Bi gutsattsarin zuwa sama har inda suka ƙare. Layin dutsen da ke daidai nan shi ne gidansu. Bi shi ta gefe, hagu da dama, don halittun sukan taru a layi ɗaya mai kaurin taƙi ko ƙasa da haka, sama da shi da ƙasa da shi kuwa ba komai.

Amonayit na wannan yanki yawanci dunƙulallu ne, daga girman lemun tsami zuwa abin da ya fi tafin hannu, kuma sau da yawa kwanson ya narke, lakar da ta cika cikinsa ce ta riƙe siffar. Alamar da ba ta ƙarya ita ce wani zane mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke maimaita kansa a kewayen jikin, sawun bangayen da suka raba ɗakunan cikin kwanson. Jiƙa shi da ɗan ruwa, zanen zai fito. Idan yana manne a dutse, kada ka sa cizal a jikinsa. Ka sassaƙa rami kewaye da shi, tazarar yatsu 3, bakin cizal yana kallon waje, sannan ka shiga ta ƙasa ka ɗago shi da dutsensa. Ragowar aikin a gida ake yi, a zaune. Wanda ya ce sai ya fitar da shi tsaf a daji, rabi biyu zai kwasa.

Abubuwa uku suna yaudarar sabon shiga. Jifsum yana fitowa da tsini da ƙyalli kamar haƙori, amma farce yana kankare shi, haƙori kuwa farce ba ya yi masa komai. Dunƙulen laka mai ƙarfe yana zuwa mulmulalle, a ce ƙwan wata dabba ne, a fasa a tarar da laka zalla. Sai baƙin zane mai rassa a fuskar dutse da ake ɗauka ganye ne, alhali sinadarin manganis ne ya bi tsaga.

Haƙoran kifi ƙanana ne, da yawa ba su kai ƙwayar shinkafa ba, baƙaƙe ko ruwan ƙasa masu sheƙi. Ido kaɗai ba ya wadatarwa. Inda ka ga siririn layi mai baƙaƙen ɗigo-ɗigo da ɓaraguzan kwanso, ɗebi kilo 3 zuwa 5 a buhu. A gida ka shanya lakar ta bushe ƙarau, kwana 2 ko 3, sannan ka zuba ta a bokitin ruwa ta kwana. Busasshiyar laka tana narkewa da kanta, ɗanya kuwa cuɗewa take yi ta toshe rariya. Tace ta babbar rariya zuwa ƙaramar, ka shanya abin da ya rage, ka baza cokali ɗaya-ɗaya a farin faranti kana tsincewa da jiƙaƙƙen tsinke. A nan ake ganin haƙora, ƙashin bayan kifi, da tutun kifi da ya zama dutse.

Kowane samfuri a naɗe shi a jarida shi kaɗai, da takarda a ciki: kwanan wata, sunan rafi ko ƙauye, lambobin GPS daga waya, da layin da ya fito, misali "mita 2 daga gindin bango, dutse mai tauri na biyu". Da fensir, don biro yana zuba idan ya jiƙe. Ɗauki hoto kafin ka cire, da gudumar a gefe don a gane girma. Masani zai iya aiki da rabin amonayit mai takarda; cikakke marar takarda sai dai a ajiye a kan tebur.

Tsabtacewa: inda aka fi ɓarna

Kwanso da amonayit, ruwa da buroshi da allura kawai. Ruwan khal yana cinye su tare da dutsen, tunda sinadarinsu ɗaya. Wanda ya fito daga laka mai laushi ma kada a jiƙa shi, a goge a bushe, in ba haka ba ya ruguje a hannu.

Haƙori ko ƙashin da ke cikin dutsen siminti shi ne ake sa wa ruwan khal, irin na girki mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Yana cin dutsen ya bar fosfet. A nutsar da shi awa 12 zuwa 24, a fitar, a goge, sannan a jiƙa a ruwa mai tsabta na aƙalla ninki 3 na wancan lokacin, ana canja ruwan. Wannan ɗaurayar ita ake yi wa gaggawa, sai bayan makonni wani farin gishiri ya tsiro daga ciki ya tarwatsa haƙorin. Ruwan batir da ruwan wanke masai kuwa kada su kusance shi, ƙarfinsu ya wuce kima, har fosfet ɗin suke lalatawa.

Abin da ke marmashewa ana ƙarfafa shi da wani gam mai suna Paraloid B-72, giram 5 a cikin mililita 100 na asiton (sinadarin da ake goge fentin farce da shi), a ɗiga a bar shi ya tsotse, kuma sai samfurin ya bushe sarai, in da danshi farin hazo zai yi. Amfaninsa shi ne asiton yana sake narkar da shi in an yi kuskure. In babu, farin gam na kafintoci, kashi 1 a ruwa kashi 10, yana riƙewa, sai dai cire shi daga baya aiki ne. Banish da man shafawa suna rufe zanen da ake gane nau'i da shi.

Samfurin da ke da ƙyallin ruwan zinariya yana ɗauke da sinadarin farayit, wanda danshin damina ke ruɓar da shi. Alamar ita ce farin gari ko rawaya da warin ƙibiritu. A raba shi da sauran, a sa a roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika irin na kwalin takalmi.

Idan ka ci karo da ƙasusuwa da yawa a jere cikin dutse, kada ka cire ko ɗaya. Yadda suke kwance bayani ne, kuma ɗago su yana buƙatar a naɗe su da POP da tsumma a kan jiƙaƙƙiyar takarda. Ɗauki hoto da GPS, rufe da ƙasa, sanar da mai unguwa, ka kai labari sashen nazarin duwatsu na jami'a ko hukumar binciken ƙasa ta NGSA.

Mai sha'awar sayen na Maroko a intanet kuma ya lura: haƙoran galibi na gaske ne, amma muƙamuƙin da suke jere a kai sau da yawa haɗi ne na yashi da gam da gutsattsarin ƙashi. Goga audugar da aka jiƙa da asiton ko ruwa a gindin haƙorin. In wurin ya yi laushi ko danƙo, hannu ne ya dasa shi.