Kafin Ka Ɗaga Allo: Ɗaukar Hoto da Kyamarar Madubin Ilektiron

Ɗaliban da ke zuwa ɗakin bincikenmu a nan Jos, yawancinsu hannunsu ya saba da waya, suna zama sai su nemi wurin dannawa. Kyamarar da ke ƙasan madubin TEM kuwa, wato na'urar da ke ratsa samfuri da ilektiron don ƙara girman ƙananan abubuwa, ba ta son gaggawa. A saman kyamarar akwai wani siririn faifai da ke mayar da ilektiron haske, sannan hasken ya sauka kan sensa, CCD ko CMOS. Wannan faifan shi nake tsaro kamar ƙwai, domin idan ya ƙone tabon zai riƙa fitowa a kowane hoto, kuma gyaransa sai an nemo daga waje.

Fara da kunna sanyin kyamarar, ka bar ta ta zauna a kan ma'auninta. Sanyin Jos bai wadatar ba, sensa mai ɗumi hotonta duk yashi-yashi ne. Ka kuma tabbata UPS na aiki, kada a ɗauke wuta kana tsakiyar aiki.

Nemo abin da kake so a kan koren allon madubin, wanda ke haskawa in ilektiron ya sauka kansa kuma yake tare wa kyamara haske, da idonka. Idan ka same shi, ka baza hasken har ya wuce gefen allo, sannan ka ɗaga allon. Kada ka taɓa canza girma ko ka matse haske alhali kyamara na buɗe. Sauke allo tukuna, ko sau nawa ne.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne hotunan gwaji guda biyu. Na farko ana ɗaukarsa a rufe, ba haske ko kaɗan, don manhaja ta san hayaniyar da sensa ke yi ita kaɗai. Na biyu ana ɗaukarsa da haske shimfiɗe daidai, a wurin da babu samfuri, don ta gane ɗigon da ya fi wani ji, da inuwar ƙurar da ta kwanta. Da hunturu, in ƙura ta taso, nakan sabunta na biyun akai-akai. Haka ma in ka ɗaga ƙarfin wutar madubin daga kilobolt 80 zuwa 120, sake shi. Na ga ɗalibi na murnar ya gano ƙwayar cuta, da muka matsar da samfurin sai ɗigon ya tsaya cak a inda yake. Duk abin da bai bi samfuri ya motsa ba, daga kyamara yake.

Wajen saita gani, haɗe ɗigogi biyu-biyu ko huɗu-huɗu don hoto ya riƙa zuwa da sauri, ka buɗe tagar FFT, inda manhaja ke mayar da hoton zobba masu nuna kyawun saiti. Zobban su fito a zagaye. In sun yi tsawo kamar an ja su, akwai karkata a hasken, gyara ta. Ga samfurin halitta nakan koma ƙasa da saiti kaɗan, gefuna sun fi fitowa. Bayan ka matsar da samfuri, dakata ya daina zamewa. Daƙiƙa ɗaya ta ɗauka galibi ta isa, in ka tsawaita zamewar za ta shafe maka hoto.

Ajiye a TIFF mai bit 16, ko a tsarin manhajar kanta, da sandar awo a jiki. JPEG na zubar da bayanai, WhatsApp kuma ya ƙara matse shi. Don Allah in za ka kai wa malaminka, kwafi na asali a filashi, ka rubuta kilobolt da girman a sunan fayil ɗin.